Tambaya kan garin Rai Buba da gandun dajin Buba Njidda a arewacin Kamaru

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani, wane ne ya kafa Rai Buba, kuma ana barin baƙo ya shiga fadar Lamiɗo? Sannan wane wata ya fi dacewa a haɗa ziyarar garin da ta gandun daji a tafiya guda daga Garwa?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Buba Njidda ne ya kafa garin wajen 1804, Bafulatani ne daga zuriyar Yillaga. Zamaninsa ɗaya da Modibbo Adama na Yola, amma bai saki jiki ya bi Yola kamar sauran sarakunan Fombina (wato ƙasar Adamawa) ba, shi ya sa har yau Rai take da nata tsarin sarauta mai ƙarfi. Mutanen ƙasar "Baba" suke kiran Lamiɗo.

Abin kallo na farko shi ne katangar fada. Ta ƙasa ce zalla, tsayinta ya kai mita 7, kaurinta daga gindi yake, tana sirancewa zuwa sama don kada nauyi ya rinjaye ta. Ruwan damina kan zaizaye ta, saboda haka sai an riƙa sabunta yaɓe. In ka matso kusa za ka ga sawun hannun masu yaɓen a jikin laka. Tun 2006 Kamaru ta sa masarautar a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya.

Maganar shiga kuwa, ba a faɗa wa fada kai tsaye. Ka fara sanar da dogarai a ƙofa, su kai saƙo ciki, ka jira. Takalmi a waje ake barinsa. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai an ce maka to, nan ne baƙi suka fi ɓata rawarsu da tsalle. In ka dace da Sallah za ka ga hawan dawakai da lifidi.

Direban Kat-kat:
Malam ya gama magana kan tarihi, bari in ƙara ta hanya. Daga Garwa ka kama titin Ngaundere, a mararrabar Gijiba ka karya hagu zuwa Collire, hedkwatar yankin Mayo Rai. Daga can Rai tana arewa, ƙofar gandu kuma tana gabas ta wajen ƙauyen Kum. Ba hanya ɗaya ba ce, don haka ka ware kwana uku aƙalla.

Ka cika tanki tun Garwa, ka ƙara jarka biyu. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba, wani lokaci da ruwa ko datti a ciki, yana toshe matatar mai, mota ta mutu a inda babu sabis. Tayar safaya biyu, ba ɗaya ba, domin kututturen da gobarar daji ta bari yana yanka gefen taya. Katin shaida da takardun mota su kasance a hannu saboda shingen jandarma. Daga Yuni zuwa Oktoba ka haƙura, mayo-mayo, wato koguna, sun cika, laka kuma tana riƙe mota.

Mai Son Daji:
Janairu zuwa Afrilu ne lokacin. A Disamba ciyawa ba ta gama faɗuwa ba, dabba na gabanka ba ka ganinta. Zuwa Maris ruwa ya janye, namun daji na taruwa a bakin Mayo Lidi, sai dai zafin ba wasa. Fita da asuba ko bayan la'asar.

Gandun ya kai hekta 220,000, an keɓe shi a 1947, ya zama gandun ƙasa a 1968, kuma yana manne da gandun Sena Ura na Cadi. Akwai gwanki, kanki, ɓauna, raƙumin dawa da zaki. Giwa akwai, amma kada ka sa rai da yawa. A farkon 2012 mafarauta a kan dawakai suka kashe fiye da 200 saboda haure, waɗanda suka rage sun zama masu gudun mutum. Karkanda kuwa ta ƙare gaba ɗaya, abin takaici ne ƙwarai.

Ba a shiga sai da ma'aikacin gandu a cikin mota. Ka guji tufa baƙa ko shuɗiya, tsando yana bin waɗannan launuka, cizonsa kuma har ta cikin riga yake ratsawa.

Ɗan Garwa:
Allah ya saka da alheri, malamai. Fabrairu ke nan, in sha Allahu.