Neman shawara: ma'aunin da na saka wa xv6 na nuna pop_off ce ke cinye lokaci

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a kan xv6, ƙaramin tsarin aikin kwamfuta na koyarwa, na firosesar RISC-V, a cikin QEMU mai kwaikwayon kwamfuta. Bin sawun kira (gano jerin funshin da suka kira juna) ya yi daidai: ina karanta rijistar s0, wato fp mai nuna firam ɗin funshin a kan sitak, adireshin komawa na fp-8, firam ɗin baya na fp-16, in tsaya idan na fita daga shafin sitak mai bayit 4096. Sai na ƙara ma'aunin aiki: duk bugun agogo ina buga sepc (adireshin da katsewar agogo ta tarar da aiki) da printf. Amma sakamakon na cewa funshin pop_off ce ta fi kowa cin lokaci, alhali layuka kaɗan ce. Ina matsalar take?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, pop_off ba ta da laifi. A xv6 duk wanda ya riƙe makulli da acquire ya rufe katsewa (interrupt). Agogo zai buga, amma sai ya jira, ba zai shigo ba sai lokacin da pop_off ta sake buɗe ƙofa. Don haka duk aikin da aka yi cikin makulli ita ake ɗora wa. Kada ka tsaya a sepc kaɗai. Tunda bin sawunka na aiki, ɗauki firam huɗu ko biyar, za ka ga wanda ya kira release, mai sakin makulli, wadda ita ke kiran pop_off. Shi ne mai cin lokacin. Linux a kan x86 da NMI take kauce wa wannan, katsewar da ba a iya rufewa.

Hajiya Injiniya: Ka cire printf ɗin nan tukuna, UART, tashar da printf ke fitar da rubutu ta cikinta, na da nawa ƙwarai, kana auna jinkirin da kai ka jawo. Ware wa kowane CPU ma'ajiyarsa, ka zuba adireshi kawai, daga baya manhajar addr2line ta fassara maka su zuwa layukan kod.

Sannan agogon xv6 kusan sau 10 yake bugawa a daƙiƙa, samfurin ya yi kaɗan. In ka ƙara saurinsa, sleep ma za ta canja, don da ticks, wato bugun agogon, take ƙirga.

Ɗan Auta: Na gode Yaya, na gode Hajiya. To DWARF fa, bayanan da kwamfaila ke haɗawa don bin sawu, ba ta fi bin fp ba?

Yaya Babba: A'a, bar ta. Linux ma tata hanyar bin sawu mai suna ORC ta ƙirƙiro a sigar 4.14, shekarar 2017, maimakon ta sa mai warware DWARF cikin karnel. Kai dai tabbatar -fno-omit-frame-pointer na nan a Makefile, don kwamfaila ya riƙa ajiye fp.