Cuta ce ko ba cuta ba ce?

Maman Khalil: Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan cikin ɓacin rai. Ɗana mai shekara 8 ya yi wata uku yana kukan ciwon ciki kowace safiyar makaranta a nan unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, ya rage cin abinci, har ya koma fitsarin kwance, sai jiya ya faɗa mini cewa wasu yara ke kiransa biri saboda baƙar fatarsa, malamarsu kuma ta ce wasa ne. Wariyar launin fata cuta ce, kuma tana cin jikin 'ya'yanmu.

Baban Zainab: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, Hajiya, amma kalmar cuta ba ta dace a nan ba. Cuta ita ce wadda likita zai auna jini ya gani, wannan kuwa rashin tarbiyyar yara ne.

Anti Binta: Haba Malam, ai idan an zalunci mutum ma cewa muke an cuce shi. Kuma ko a ma'anar da kake nufi tana da gaskiya, domin a shekarar 2019 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa wariya tana taɓa lafiyar yara, saboda fargabar da ba ta yankewa tana hana barci da girma yadda ya kamata. Jariran baƙar fata a can suna mutuwa kafin cika shekara fiye da ninki biyu na jariran farar fata.

Baban Zainab: Wannan talauci ne, ba launi ba.

Anti Binta: To me ya tara talaucin a unguwanninsu? A Flint da ke jihar Michigan ta Amurka, garin da yawancin mazaunansa baƙar fata ne, an sauya musu ruwan sha a 2014, dalma ta shiga jinin yara, iyaye suka yi ta kuka ba a saurare su ba, har hukumar kare haƙƙin jama'a ta jihar Michigan ta ce a 2017 akwai hannun wariya a ciki.

Alhaji Ɗanzamfara: A 2010 dalma ta kashe mana yara kusan 400 a Zamfara. Wane Bature ne ya yi mana wariya? Ku da kuka tsallake kuka bar mu ba ku ganin ciwon gida.

Anti Binta: Ba wanda ya tsallake, neman halal muka fito, kuma kuɗinmu ne ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yan 'yan'uwa a gida.

Goggo Asabe: Kafin mu zargi wasu, mu tambayi kanmu dalilin da ya sa ake shafa wa yarinya man bilicin, ana yi mata gorin baƙi a gidan ubanta.

Alhaji Ɗanzamfara: Goggo, wannan laifin mata ne.

Maman Khalil: Har yanzu ba wanda ya ce mini in fara da likita ko da shugaban makaranta.

Kawu Sale: Bari in taƙaita. Yawancinmu mun gamsu da Malam cewa wannan ba cuta ba ce, matsalar tarbiyya ce da talauci, kuma 'yan'uwanmu na waje sun ɗan zafafa. Hajiya, ki dage da yi wa yaron addu'a. An rufe wannan magana.