Littafin McCloud ya ishi mai son tsara shafin labarin zane?

Zayyana_84:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A ganina an cika yabon Understanding Comics na Scott McCloud, wanda ya fito a 1993. Ya yi ƙoƙari wajen nuna yadda mai karatu ke cike gibin da ke tsakanin akwati biyu (wato gidajen da ake zana hotunan labarin a cikinsu ɗaya bayan ɗaya) da tunaninsa, amma wanda ya gama karanta shi ba zai iya zama ya tsara shafi ɗaya ba. Bai faɗi girman takarda ba, bai faɗi yawan kalmomin da kumfar magana (zagayen da ake rubuta maganar mutum a ciki) za ta ɗauka ba. Wane littafi ne ke koyar da aikin kansa? Sannan littattafan zayyana, irin na haruffa da launi, suna da amfani ga mai labarin zane ko ɓata lokaci ne?

Malam_Tawada:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ɗora wa littafin nauyin da ba nasa ba. An rubuta shi ne don fahimtar yadda ake karanta labarin zane, na koyar da aikin kuwa shi ne Making Comics da McCloud ɗin ya fitar a 2006. Duk da haka akwai abu guda a cikin na farkon da za ka yi aiki da shi kai tsaye: hanyoyi shida na tsallakawa daga akwati zuwa akwati. Daga daƙiƙa zuwa daƙiƙa, daga aiki zuwa aiki, daga wani mutum ko abu zuwa wani, daga wuri zuwa wuri, daga wani sashe na yanayi zuwa wani, sai kuma tsallen da babu alaƙa a cikinsa. Ya nuna cewa masu zanen Amurka sun fi dogara da aiki zuwa aiki, na Japan kuma sukan tsaya su nuna sassan wuri guda, sama, taga, ɗigon ruwa, don mai karatu ya natsu.

Ɗauki shafinka ka rubuta irin tsallen da ke tsakanin kowane akwati biyu. In ka ga iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, ka gano dalilin da ya sa shafin ke gudu babu numfashi. Ka haɗa da Comics and Sequential Art na Will Eisner, na 1985, musamman bayaninsa kan lokaci da yadda siffar akwati ke canza saurin karatu.

Hajara_Haruffa:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni inda na fi damuwa shi ne rubutun, domin a nan sababbin masu zane suka fi faɗuwa. Sai a gama zane tas, sannan a nemi inda za a cusa magana, kumfa ta rufe fuska ko hannu. Tun a ƙaramin zanen gwaji ake ware wurin kumfa, kafin a ja layin gaske.

Wata tsohuwar ƙa'ida ta editoci ita ce kada kumfa ɗaya ta wuce kalmomi 25, kada akwati ya wuce 35 a shafi mai akwati shida. Wanda ya fara magana a ajiye shi a hagu ko a sama, saboda ido daga hagu yake tafiya zuwa dama, sannan ya sauka. In ka juya su, ko dai wutsiyoyin kumfa su sarƙe, ko a karanta amsa kafin tambaya. Manga na asali, wato labarin zanen Japan, daga dama ake karanta shi, don haka kada a kwafi tsarinsa a makance.

Littattafan haruffa kuwa suna da amfani, amma da lura. The Elements of Typographic Style na Robert Bringhurst ya ce layi mai daɗin karatu yana tsakanin haruffa 45 zuwa 75. Wannan na shafin rubutu zalla ne. A cikin kumfa layuka gajeru ake so, na tsakiya ya fi tsawo, na sama da na ƙasa su gajarta, don rubutun ya bi zagayen kumfar.

Mai_Bugu:
Ga ma'aunin da kake nema. A al'adar Amurka ana zane a kan kwali mai inci 11 da 17, ainihin zanen ya tsaya cikin inci 10 da 15, sannan a rage shi zuwa kusan kashi biyu cikin uku wajen bugu. Shi ya sa siririn layi da ƙaramin rubutu ke ɓacewa. Buga shafin gwaji a girmansa na ƙarshe ka duba kafin ka ci gaba.

Zanen da zai kai bakin takarda a ba shi rarar milimita 3 a kowane gefe, domin wuƙar yanka takan ɗan kauce, sai farin layi ya fito. Shafi mai launi a yi shi da ɗigo 300 a inci, baƙin layi zalla kuma 600 ko sama. A mayar da launi zuwa CMYK, wato tsarin tawada huɗu na injin bugu, da wuri, don shuɗi da kore masu haske na fuskar kwamfuta sukan dushe a takarda. In da maƙalin ƙarfe za a ɗinke littafin ta tsakiya, dole yawan shafuka ya rabu da huɗu.

Malam_Tawada:
Ƙari kan bayanin Mai_Bugu: abin mamaki a labari a ajiye shi a shafin hagu, wanda sai an buɗe ake gani. In ya faɗa shafin dama, ido ya riga ya hango shi tun ana karanta na hagu. Don haka ka lissafa shafukanka biyu-biyu tun daga zanen gwaji.

Zayyana_84:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na janye rabin maganata kan McCloud. Yaya Hajara, kalmomi 35 ɗin nan har da rubutun mai ba da labari da ke cikin ƙaramin akwati a sama?

Hajara_Haruffa:
Har da shi. Duk abin da ido zai karanta a cikin akwatin, ka ƙirga shi.