Neman shawara: na ce wa ƴan ƙungiyarmu doka ta kare kuɗinsu a banki, yanzu sun ce in kawo dokar

Ma'aji, Tawa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar manoman albasa a jihar Tawa ta Nijar, mu 63 ne, kuma ba ni na nemi aikin ba. An ɗora mini shi ne bayan rasuwar baffana, wanda ya riƙe kuɗin ƙungiya shekara 11 a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa, makullin yana rataye a wuyansa tare da laya, ba a taɓa neman ko dala an rasa ba. Da na karɓa, ni na nace a kai kuɗin banki. Yau muna da miliyan 9 na sefa, waɗanda muka tara buhu bayan buhu domin mu gina ɗakin ajiya na kirki, saboda duk shekara laimar damina tana ruɓar mana da albasa a cikin rudu, rumbunmu na gargajiya, kafin farashi ya tashi.

Lokacin takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023 na yi kwana uku ina bin layi a banki, abin da aka ba ni bai kai rabin abin da na nema ba, kuma tun daga nan dattawa suke gunaguni. A taron watan jiya na miƙe na ce ko banki ya durƙushe akwai doka, kuma depitoci, wato ƴan majalisa, sun zauna sun tantance ta. Sai wani dattijo da ko ajin farko bai shiga ba ya ce mini: "Ɗana, wace doka ce, kuma su wa suka karanta ta kafin su ɗaga hannu?" Na rasa amsa. Saura kwana 10 mu sake zama. Don Allah wace doka ce, shin majalisa ta bi ta dalla-dalla, kuma in zan rubuta takarda, wa zan rubuta wa?

Tsohon ma'aikacin banki, Yamai:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ka bari shi ne mai nauyi. Dokar bankunanmu ba a Yamai ake ƙera ta ba. Ƙasashe takwas ne masu kuɗin sefa a ƙungiyar UMOA, babban bankinsu BCEAO yana Dakar, hukumar da ke sa ido kan bankuna kuma tana Abijan tun 1990. Majalisar ministocin kuɗi ce take amincewa da doka guda ta bai ɗaya, sannan a aika wa kowace ƙasa ta shigar da ita cikin dokokinta. Haka aka yi da dokarmu ta 2008, kuma ministocin sun amince da sabuwa a watan Yunin 2023, wata guda kafin juyin mulkin 26 ga Yuli, wanda bayansa aka rushe majalisar dokoki, dokoki suka koma fitowa da sa hannun shugaban ƙasa. Ko lokacin da majalisa take nan, depite ba ya iya taɓa ginshiƙan wannan doka, domin in kowace ƙasa ta gyara tata, an rasa dalilin kiranta ta bai ɗaya.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne asusun lamunin ajiya na UMOA da aka kafa a 2014. In an rufe banki, iyakar abin da yake biyan mai ajiya miliyan 1 da jaka 400 ne (sefa 1,400,000), a ƙananan asusun ajiya da lamuni kuwa jaka 300. Sauran kuɗin sai an sayar da kadarorin bankin, a ga abin da ya rage. Ka bar zancen takarda. Ka raba kuɗin a bankuna daban-daban, shi ke nan.

Hajiya mai sayar da atamfa, Yamai:
Alhaji, jaka 300 ɗin ma wa ya gan su? Ni na zuba kuɗin adashena shekara huɗu a wani ƙaramin asusu na unguwarmu, wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda manne da faransanci. Ɗan littafina mai shuɗin bango yana nan cikin adaka har yau, da hatiminsu a kowane shafi. A lokacin akwai majalisa, akwai depiten da na yi wa rawa a kamfe, na je gidansa sau biyu ana ce mini yana barci. Ɗana, ka fitar da kuɗin mutane ka mayar musu, ka huta.

Ɗalibar shari'a, Yamai:
Baba, da girmamawa, ban yarda cewa zaman majalisa a kan irin wannan doka aikin banza ba ne. Ko da depite ba zai canza rubutun ba, yana da ikon kiran ministan kuɗi gaban kwamiti ya tambaye shi a bainar jama'a: in banki ya faɗi, wa zai fara yin asara, masu hannun jari ko masu ajiya, kuma shin za a taɓa baitulmali? Amsar tana shiga rubuce, kuma da ita ake kama gwamnati daga baya. A tsibirin Saifurus, a watan Maris na 2013, an kawo shirin cire haraji daga ajiyar kowa, har masu ƙaramin kuɗi, majalisa ta ƙi, kuma a shirin da ya biyo baya ba a taɓa ajiyar da ba ta wuce yuro 100,000 ba. A Amurka ma majalisar wakilai ta yi watsi da shirin ceton bankuna na dala biliyan 700 a ranar 29 ga Satumban 2008, sai da aka yi masa gyara ta amince. Saboda haka tambayar dattijon nan tana kan hanya. Shawarata, yaya Ma'aji, ka rubuta wa reshen BCEAO na Yamai da ma'aikatar kuɗi, ka nemi su gaya maka a rubuce dokar da ke aiki yau da yadda ake lissafa asusun ƙungiya. Ka aika kwafi ga majalisar tuntuɓa da aka kafa a 2025, duk da cewa shawara kawai take bayarwa.

Tsohon ma'aikacin banki, Yamai:
Ƴata, kin yi karatu, amma ki ƙarasa labarin. A Saifurus ɗin, masu ajiyar da ta haura yuro 100,000 a babban bankin kasuwancinsu an mayar da kashi 47.5 cikin ɗari na rarar kuɗinsu hannun jari, suna so ba sa so, kuma a ma'aunin ƙasarmu miliyan 9 tana cikin masu rara ne. Ki duba Suwizalan kuma: a watan Maris na 2023 gwamnati ta yi amfani da dokar gaggawa ta haɗa bankunan Credit Suisse da UBS a ƙarshen mako guda, a watan Afrilu ƙaramar majalisarsu ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da lamunin faran biliyan 109, kuma ƙuri'ar ba ta canza komai ba, domin an riga an sa hannu. Banki da daddare yake mutuwa, majalisa da rana take zama. Mu nan da muka ga rushewar BDRN, bankin raya ƙasa na Nijar, a 1990 mun san haka. Abin da ke kare mai ajiya shi ne ƙarfin jarin banki, shi ya sa a ƙarshen 2023 aka ɗaga mafi ƙarancin jari daga biliyan 10 zuwa biliyan 20. Ma'aji, ban ji ka faɗi da sunan wa aka buɗe asusun ba.

Ma'aji, Tawa:
Na gode Alhaji, na gode ƙanwata. Maganar rabawa na lissafa ta: miliyan 9 sai bankuna bakwai kafin kowane kaso ya shiga ƙarƙashin lamunin, kowanne da kuɗin riƙon asusu duk wata, kuma wa zai biya mini kuɗin mota ina zagaye? Game da suna kuwa, da sunana yake, amma ba da wata manufa ba. Takardun ƙungiya ba su fito ba a lokacin, kaka ta zo, kuɗi suna hannu, kuma shugabanmu ya sani. Ina da littafi, kowane buhu a rubuce. Ni ba wannan ne ya kawo ni ba, dokar nake tambaya.

Ɗalibar shari'a, Yamai:
Yaya, ai wannan ma dokar ce. A idon banki kuɗin nan naka ne kai kaɗai, kuma in kana da ajiyarka ta kanka a bankin, haɗa su za a yi a ƙarƙashin iyaka guda. In ta Allah ta kasance a kanka, magada ne za su tsaya gaban alƙali, ba ƴan ƙungiya ba.

Dillalin albasa, Galmi:
Duk wannan dogon turanci ne. Mu da muke loda motoci zuwa Gana da Abijan ba mu taɓa jiran depite ba. Malam Ma'aji, ka sayi siminti da ƙarfe da kwano yanzu, ka jibge a filin, kuɗin da ya zama gini ba ya bin layi. Ni abin da ya fi ci mini rai ma kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya ne, wannan wace majalisa ta tantance shi?

Tsohon ma'aikacin banki, Yamai:
Siminti yana daskarewa in ya sha damina, kada ka saurare shi. Gobe da safe ka ɗauki shugabanku da takardun ƙungiya ku je a sauya sunan asusun, a sa hannun mutum biyu. Takardar da ƴata take so ka rubuta, amsarta ba za ta iso cikin kwana 10 ba.

Ma'aji, Tawa:
Alhaji, in na je sauya suna yanzu, dattawan za su ce da ma akwai abin da nake ɓoyewa, alhali shekara uku ban ci ko dala ba. Na fi son in fara rubuta takardar, in nuna musu kwafinta a taro, su ga ina bin lamarin. Ƙanwata, da faransanci zan rubuta ko za su karɓa da Hausa, kuma wa ake sa wa a kan ambulan? Har yanzu dai babu wanda ya ba ni abin da zan gaya wa dattijon nan in ya sake tambayata su wa suka karanta dokar.