Yara sun matsa sai mun je tsintar naman kaza a daji, ta ina zan fara?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Suwidin. Tun da Agusta ta kama, maƙwabciyata a nan Uppsala take dawowa daga daji da kwando cike da naman kazan nan mai ruwan ɗorawa, wanda suke kira kantarell. Ta soya mana da man shanu ta ɗora a kan burodi, yarana suka cinye tas, yanzu kullum tambayarsu yaushe mu ma za mu je. Ni kuwa a Zariya na tashi, inda ko taɓa laimar kwaɗi ba a bari mu yi, balle ci. Ina so su saba da dajin ƙasar da aka haife su, amma ina tsoron guba, ga auta shekararta huɗu, komai ta gani sai baki. Ana neman izini? Yaya ake gane na gaskiya?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Batun izini ki kwantar da hankalinki. Akwai haƙƙin da ake kira allemansrätten, tun 1994 yana cikin kundin tsarin mulki, wanda ya ba kowa damar shiga daji ya tsinci naman kaza da 'ya'yan itatuwa ko da filin na wani ne. Ki dai nisanci harabar gidaje da gonaki, kuma a gandun da aka keɓe ki karanta allon da ke bakin shiga. Lokacin kantarell daga Yuli zuwa Oktoba ne, ya fi yawa 'yan kwanaki bayan ruwan sama. Ki duba cikin gansakuka a gefen ƙananan hanyoyi, kusa da itacen björk mai farin ɓawo ko gran mai ganye kamar allura. Da saiwar itatuwan yake rayuwa, shi ya sa ba a nomansa. In kaka ta yi ana farautar älg, wata babbar dabbar daji mai kama da barewa, ki sa wa yara riguna masu launin da ake hangowa daga nesa.

Anti Rabi: Ƙanwata, fitar farko kada ki tafi ke kaɗai da hoto a waya. Ki bi maƙwabciyar taki, ta sa miki shi a hannu. Ki juya shi ki dubi ƙarƙashin hular: jijiyoyi ne masu kauri da ke rabuwa biyu-biyu, suna gangarowa har jikin kara, a manne da naman. Ki tsaga shi, cikinsa a cike yake, fari-fari ne, yana da ɗan ƙamshin 'ya'yan itace. Na bogin, narrkantarell, ya fi ruwan lemo, laushi gare shi, ƙarƙashinsa siraran ganyayyaki ne a matse, kuma yana yawan fitowa a ruɓaɓɓen itace.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne toppig giftspindling, mai ruwan ƙasa-ƙasa da tsini a tsakiyar hula. Yana fitowa a wuri ɗaya da trattkantarell, ɗan uwan kantarell mai ruwan ƙasa da ke zuwa ƙarshen kaka, sai mutum ya dumbuzo su tare bai sani ba. Ƙoda yake lalatawa, kuma alamun kan ɗauki kwanaki, wani lokaci har sati biyu, kafin su bayyana. Dafuwa ba ta kashe gubar. Akwai kuma wani fari, vit flugsvamp, hanta yake ci, baƙi da yawa sun kwanta asibiti saboda ya yi kama da wanda suka saba ci a ƙasashensu. Don Allah bana ki tsaya a mai ruwan ɗorawa kaɗai, ɗaya-ɗaya za ki tsinka, fari da ruwan ƙasa ki bar su a inda suke. Ni dokata ga jikokina, su nuna da yatsa su kira ni, ni zan cire.

Ummu Haidar: Ƙari a kan na Anti, kaska. Dogon wando a cusa cikin safa, da dare ki duba bayan kunne, hammata da bayan gwiwa. Yankinku akwai cutar TBE, kumburin ƙwaƙwalwa da cizon kaska ke kawowa, ki tambaya a asibiti batun rigakafin. In auta ta haɗiyi wani abu, ki kira 112 ki nemi Giftinformation, masu ba da shawara kan guba, nan take, kada ki jira amai, ki kuma ajiye ragowar abin.

Baban Khalifa: Kwando za ki riƙa, leda tana sa shi ya yi gumi ya dame. A gida ki share ƙasar da ɗan buroshi, ki zuba a busasshen kasko har ruwansa ya tsotse, sannan man shanu da albasa. Ragowar a firiza bayan an soya, in an shanya shi yakan yi tauri.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri. Na yi wa maƙwabciyar magana, ta ce Asabar da safe in ba a ruwa. Anti, auta a bayana zan goya ta. In mun dawo zan shimfiɗa su a tebur, maƙwabciyar ta sake duba su ɗaya bayan ɗaya kafin in kunna murhu.