Rikodar DVD mai rumbun ajiya a ciki: in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana kayan lantarki. An yi min tayin rikodar DVD ƙirar Panasonic, mai rumbun ajiya na gigabait 160 a cikinta, a kusan rabin kuɗinta. Mai shagon ya ce ta daɗe a ajiye ne, shi ya sa ya karya farashin.

Abin da nake so da ita shi ne in kwashe tsofaffin kaset ɗin bidiyo na gidanmu, na bukukuwa da na karatun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Wasu har sun fara yin farin fumfuna a gefen zaren, kuma idan suka lalace shi ke nan. Na ga bayanta akwai ramukan nan uku na jona wayar hoto da murya, ɗorawa da ja da fari, don haka za ta karɓi na'urar kaset. Na kuma san faifai ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, wato kamar awa biyu in ana son hoto mai kyau.

Inda na maƙale: idan rumbun ya mutu, ana iya sa mata na kwamfuta, ko sai nata na asali? Idon da ke rubuta faifan fa, akwai masu gyaransa har yanzu? Ga shi faifan da ba a rubuta komai a kansa ba ya fara wuyar samu a kasuwa.

Wani ya ce min gara in sayi ƙaramin abin nan na USB in tura kaset ɗin cikin kwamfuta kai tsaye. Don Allah wanda ya taɓa gwada duka biyun, wanne ya fi fitar da hoto da murya ba tare da sun saɓa ba?