Iyalina na tafe Tokiyo, in sabunta hayar ɗakin Adachi ko in tashi?

Ɗalibi a Adachi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Ina zaune a gundumar Adachi ta birnin Tokiyo, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ayase, ɗaki ɗaya da ɗan kicin a gidan katako, yen 48,000 a wata. Kafin in same shi na sha wuya. Dillali zai buga wa mai gida waya a gabana, da ya ce baƙo ne sai ka ga fuskarsa ta canza, ya ajiye waya ya ba ni haƙuri. Wani tsoho ne ya karɓe ni, malamina ya tsaya min, na biya kuɗin ajiya da kuɗin godiyar nan da ba a mayarwa, reikin. Ranar da na tare har lemo tsohon ya kawo min. To yanzu shekara 2 ta cika, za a sabunta, sai na biya hayar wata guda a kai. Matata da jaririnmu na tafe. Kuma an turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, wai motsina da ƙarar famfo da asuba na hana na ƙasa barci. Ya zan yi?

Alhajin Yashio: Wa alaikumussalam. Yaro, tashi kawai. Tun kafin ka shiga jami'a nake harkar motoci a ƙasar nan. Ka nemi gidajen UR, wato hukumar gidajen haya ta gwamnati, akwai su a Takenotsuka, nan cikin Adachi. Ba reikin, ba kuɗin dillali, ba mai tsaya maka, ba kuɗin sabuntawa. Wanda alwala ta dame shi, kukan jariri zai ɗauka? Kuma ka tambayi shekarar ginin. In kafin 1981 ne, tsohuwar ƙa'idar girgizar ƙasa aka bi.

Maman Biyu: Alhaji, UR fa suna son albashi ya ninka haya sau 4, ko a biya ta shekara gaba ɗaya. Ɗalibin da ba ya wuce awa 28 na aiki a mako, ina zai samo? Ƙanena, nawa kake samu? Ba ka faɗa ba. Ni abin da ya ƙona min rai shara ce. Na ware kwalba daban, gwangwani daban, wani ya jefar da tasa ba a ranarta ba, aka manna wa ledar takarda aka kawo ƙofata, don mu kaɗai ne baƙaƙe a benen. Har yau matar da ta kawo ledar ba ta amsa gaisuwata.

Ɗalibi a Adachi: Alhaji na gode, amma ginin lafiyarsa lau. Kuma daga Ayase layin Chiyoda ke kai ni Yoyogi-Uehara kai tsaye, in yi Juma'a a masallacin Tokyo Camii ba canjin jirgi. Ga kantin Gyomu Super da nake sayen kajin halal. Ba zan iya watsa wa tsohon nan ƙasa a ido ba.

Alhajin Yashio: Mu ma da masallaci a garin Yashio, maƙwabcin Adachi. Lafiyarsa lau, kai ka gina shi? Ka karɓi taswirar ambaliya a ofishin gunduma ka gani. Kun manta guguwar Oktoban 2019, yadda kogin Arakawa ya cika aka ce mutane su fice?

Ɗan Maraɗi: Ni dai kar ka tashi. Sayi tabarmar roba mai kauri, ka ɗebi ruwan alwala a buta tun dare, ka kai wa na ƙasa ɗan kwalin biskit ka ba shi haƙuri, nan haka ake yi. Amma duba takardar hayarka, wasu an rubuta mutum ɗaya ne kawai. Mai gidan ya san da zuwan madam?

Ɗalibi a Adachi: Ban gaya masa ba tukuna, ina jira biza ta fito. Mutumin kirki ne, ba na jin zai ƙi.

Maman Biyu: Ikon Allah! Kuma har yanzu ba ka faɗi nawa kake samu ba.

Alhajin Yashio: Ku bar shi, ya riga ya yanke hukuncinsa. Yaro, yaushe ne ranar sabuntawar?